Gwaji Ya Nuna Jini A Bayan Gida: Me Za Mu Yi?

'Yan'uwa, akwai gwajin da ake kira FIT, wanda mutum ke ɗiban ɗan bayan gidansa a gida domin a gano jinin da ido ba ya gani. Idan ya nuna jini, hankalin da yawa daga cikinmu yakan tashi, sai mu ce sankarar hanji ce.

Mu kwantar da hankali. Yawancin waɗanda gwajin ya nuna musu jini ba su da sankara. Basir, tsagewar dubura, atini, da ƙananan tsiro a bangon hanji duk suna iya jawo shi.

Amma kada mu ɗora laifin a kan rikicewar hanji da likitoci ke kira IBS. Wannan ciwo yana kawo murɗar ciki, kumburi, zawo ko taurin bayan gida, amma ba ya sa hanji zubar da jini. Dole a nemi dalilin jinin dabam.

Kada kuma mu sake gwajin da fatan zai fito lafiya, domin jinin yakan zo ya ɗauke. Mu je wurin likita ya duba cikin hanji da siririn bututu mai kyamara. Tsiro yakan ɗauki kimanin shekara 10 kafin ya zama sankara, kuma ana iya cire shi a lokacin dubawar.

Mu gaggauta idan akwai rama, ƙarancin jini, ko wani a dangi ya taɓa yin sankarar hanji. A 2021 masana a Amurka suka ba da shawarar fara gwaji daga shekara 45.