Tsohon Hannu da Ɗan Taɓawa: Sunayen 'Yan Caca daga Agege zuwa Intanet

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda gidajen cacar karta na intanet, musamman na wasan da ake kira poka, suke bambanta wanda ya mai da caca sana'a da wanda yake taɓawa don nishaɗi, tare da neman sunan da ya dace da kowannensu a Hausa. A unguwannin Hausawa na Ikko, irin su Agege da Idi-Araba, an fi sanin cacar Baba Ijebu da ta ƙwallon ƙafa, inda mutum yake karawa da kamfani. A poka kuwa 'yan wasa ne suke cin junansu, kamfani ya yanki la'adarsa daga kuɗin kowane zagaye. Wayar da matashi yake buga cacar ƙwallo da ita za ta iya kai shi teburin poka, don haka harshe yana bukatar kalmomin.

2.0 Wanda Gida Ya Fi So

Da farko kamfanonin sun fifita ƙwararru, saboda su suke wuni a tebur, la'ada tana taruwa. Daga baya suka lura cewa ƙwararre kwashe kuɗi yake yi ya fita da su, alhali mai nishaɗi shi yake shigo da sababbi, kuma idan aka cinye shi da wuri ba ya dawowa. Sai tsari ya sauya. A shekarar 2011 kamfanin Bodog ya ɓoye sunayen 'yan wasa, domin kada ƙwararru su gane mai rauni su riƙa farautarsa. A 2016 PokerStars ya zabtare tukuicin da yake bai wa manyan 'yan wasansa, bayan wasunsu sun ƙaurace wa wasa na kwana uku a Disamban 2015 don nuna fushi. A 2019 partypoker ya hana amfani da manhajojin da suke tattara bayanin yadda abokin karawa yake wasa. Ba tausayi ne ya kawo wannan ba. Kamfani yana so ne kuɗin mai nishaɗi su daɗe suna zagayawa har la'ada ta lashe su.

3.0 Batun Suna

A Ingilishin 'yan poka ana kiran mai rauni kifi. Fassara wannan kai tsaye ba za ta gamsar ba, domin a Hausa kifi bai ɗauke da ma'anar wanda ake ci da wayo. "Ɗan caca" kuma ya yi faɗi, ga shi da nauyin zargi. Ga ƙwararre, "tsohon hannu" ya wadatar. Sai dai kishiyarsa, "sabon hannu", ba ta dace da ɗayan ba, don kuwa mutum yana iya shekara 10 yana wasa bai ƙware ba. A ganina "ɗan taɓawa" ya fi, tun da Bahaushe yakan ce wane yana ɗan taɓa karta, wato yana yi jefi-jefi.