Gara Ba Ta San Tarihi Ba: Daga Gidan Ɗan Hausa Zuwa Zauren Taro

Duk wanda ya ratsa unguwar Nassarawa da ke birnin Kano zai iske wani tsohon ginin ƙasa mai zankwaye, wanda ake kira Gidan Ɗan Hausa. A nan ne Hanns Vischer, Baturen nan haifaffen ƙasar Suwizalan da Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa cikin shekarar 1909. Daga baya gidan ya zama wurin adana kayan tarihi, kamar yadda Gidan Makama yake a cikin gari. Baƙo yakan shiga ya yi kallo, ya yaba, ya fita abinsa. Abin da ba ya gani shi ne yaƙin da ake gwabzawa dare da rana tsakanin kayayyakin da wasu ƙananan halittu.

Abokan gaba na ɓoye

Babbar abokiyar gabar ginin ƙasa ita ce gara. Abincinta shi ne sinadarin selulos da ke cikin itace da takarda da auduga, kuma takan narkar da shi da taimakon ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanjinta. Takan ci itace ta ciki ta bar ɓawonsa, sai ranar da rufi ya rufta sannan a farga. Magina na da sun san haka, shi ya sa suka zaɓi azarar giginya, wadda ƙarfinta ke ba gara wuya. Sai kuma asu, wanda tsutsarsa ke cin ulu da gashi da fuka-fuki, da wasu ƙwari masu ɓarnar fata. Da damina, idan laimar iska ta haura kashi 70 cikin ɗari, funfuna kan mamaye littattafai da sirdi da gafaka. Da hunturu kuwa iska kan bushe ƙayau, fata ta tsattsage, ƙwarya ta dare.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli tambaya ce ta kimiyyar halittu, kuma akwai zauren da ake kai amsarta.

Inda masana ke haɗuwa

An kafa Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, wato ICOM, a birnin Faris cikin 1946, kuma takan yi babban taronta bayan kowace shekara uku. A 1991, lokacin da Alpha Oumar Konaré na ƙasar Mali yake shugabancinta, ta shirya taruka a Binin da Gana da Togo domin tattauna irin gidan tarihin da ya dace da Afirka. A gida Nijeriya kuwa, tun 1979 aka ɗora wannan nauyi a kan Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Ana kuma bikin Ranar Gidajen Tarihi ta Duniya a kowace 18 ga watan Mayu.

A irin waɗannan taruka ba a hawa dandamali don sarauta ko yawan shekaru. Watanni kafin ranar, masu shiri kan fitar da sanarwa ta neman maƙalu, su faɗi jigon taro da ranar rufe karɓa. Mai sha'awa sai ya aika da tsakure, wato taƙaitaccen bayanin abin da zai gabatar, galibi cikin kalmomi 200 zuwa 300. Kwamitin masana ne ke tantancewa, kuma sau da yawa akan ɓoye musu sunan marubuci, ta yadda aikin malamin sakandare zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da na farfesa.

Yadda ake gina tsakure

Tsakure mai kyau yana amsa tambayoyi huɗu: mece ce matsalar, yaya aka bincike ta, me aka gano, kuma wa zai amfana? Alal misali, a ce wani malamin kimiyya da ɗalibansa sun nemi izinin hukumar wani gidan tarihi, sun ajiye tarkon takarda mai danƙo a kusurwoyin ɗakuna uku. Kowane wata su ɗauko, su ƙirga ƙwarin da suka maƙale, su rarrabe su jinsi-jinsi, su rubuta zafi da laimar ɗakin. Bayan wata 12 suna riƙe da abin da babu littafin da ya zo daga Turai da zai faɗa: watan da ɓarna ta fi tsanani a Kano, da ɗakin da ya fi shiga haɗari.

Wajen rubutawa, take irin su "Muhimmancin Kayan Tarihi" ba zai ja hankalin kowa ba, domin ya yi faɗi da yawa. Amma "Yawan Ƙwari a Ɗakunan Ajiya Tsakanin Damina da Hunturu" ya nuna wuri da lokaci da abin da aka auna. Sannan a sa alƙaluma na gaskiya, kada a yi alkawarin sakamakon da ba a riga an samu ba. Kada a wuce adadin kalmomin da aka ƙayyade, kada kuma a jira ranar ƙarshe, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da Kano za ta kai

A ƙasashen Turai akan kashe ƙwarin kayan tarihi ta hanyar ƙulle kayan a leda, a sa su cikin na'urar sanyi mai digiri 20 ƙasa da sifiri har mako guda ko fiye. Wannan dabara tana bukatar wutar lantarkin da ba ta yankewa. Akwai wata hanyar kuma, ta naɗe kayan cikin baƙar leda a shanya a rana, domin zafin da ya kai digiri 55 na wasu sa'o'i yana kashe ƙwaro da tsutsa da ƙwai, sai dai bai dace da kayan da ke da kaki ko danƙo ba. Kano tana da rana isasshiya, kuma gwajin da aka yi a nan kan tsummoki da guntayen itace zai amfani gidajen tarihi daga Sakkwato har Damagaram.

Haka nan akwai ilmin da ke hannun masu sana'a: bagaruwar da majema ke jima da ita, makubar ɗorawa da ake shafe bango da ita, da ƙwayoyin bakteriya da ke narkar da shuni a marinar Ƙofar Mata. Idan ɗaliban Kano ba su auna waɗannan sun rubuta ba, ko dai wani ya zo daga nesa ya rubuta su da sunansa, ko kuma su bi tsofaffin da suka san su zuwa kushewa.

Mai yiwuwa ne kwamiti ya ƙi tsakuren farko. Wannan ba abin kunya ba ne, sai a duba gyaran da aka nuna, a ƙara bincike, a sake aikawa wani taron. Kayan aikin farawa kuwa ba su fi ƙarfin ƙungiyar kimiyya ta kowace makaranta ba: littafin rubutu, madubin ƙara girma, ma'aunin zafi, da takardar neman izini daga shugaban makaranta.