Idan Rula Ta Goce, Yadi Da Yatsa Ke Biya

A ƙasashen Amurka da Ingila akwai wata tsohuwar sana'a wadda mata suka fi yin fice a kanta, watau harhaɗa ƙananan ƙyallaye masu launi iri-iri, a shimfiɗa auduga a tsakani, a bi da ɗinki har ya zama bargo, kusan yadda ake ɗinka lifidi a ƙasar Hausa. Matan ƙauyen Gee's Bend na Jihar Alabama sun yi suna ƙwarai wajen wannan aiki.

Da can almakashi ne abin yanka. Amma a shekarar 1979 kamfanin Olfa na ƙasar Japan ya fito da wata wuƙa mai kama da taya, wadda ake garawa a kan yadi. Tafiyarta ba ta miƙewa sai an jingina ta da rula, galibi ta roba mai ƙarfi wadda ake hango yadi ta cikinta, mai faɗin inci 6 da tsawon inci 24. To, a nan gizo ke saƙa, domin bayan rular santsi gare shi, da zarar wuƙa ta ture ta sai ta goce.

Ɓarnar ba ƙarama ba ce. Rubu'in inci kacal ake bari na bakin ɗinki. Idan kowane ƙyalle ya gaza da kashi 1 cikin 16 na inci, in an jera guda 16 an yi asarar inci guda cur, kusurwoyi su ƙi haɗuwa, yadi kuwa in ya yanku ba ya komawa. Mafi muni, wuƙar kaifin reza gare ta, tana iya haye rula ta sami yatsa.

Maganin farko shi ne a kashe santsin. Masu sana'ar sukan manna 'yan ƙananan samfefa ko ɗigon roba mai laushi a bayan rular, musamman kusa da gefen da ake yanka, don ta kama yadi. Wasu kuma sukan kafa mata mariƙi a sama.

Amma babban sirrin yana hannun mai yankan. Ba a shimfiɗa tafin hannu, sai dai a kafa kan yatsu a danna ƙasa, a sauke ɗan ƙaramin yatsa a kan tebur ta gefen da ba a yanka, ya zama turke. Rula takan goce ne a inda ta yi nisa da hannu, saboda haka in wuƙa ta wuce daidai yatsu sai a tsaya, a matsa da hannun gaba ba tare da ɗaga rular ba, sa'an nan a ci gaba. A tsaye ake yi, don nauyin jiki ya taimaka, kuma daga jiki wuƙa take tashi ta yi gaba, ba a janyo ta.

Har wa yau, wajibi ne a goge yadi kafin a yanka, a kuma sake bakin wuƙa da zarar ya dakushe, gama dakusasshiyar wuƙa ita ke sa a danna da ƙarfi har rula ta kauce. Duk mai koyon yankan tufa da ya kiyaye waɗannan, ya tsirar da yadinsa, ya kuma tsirar da yatsunsa.