Wane Layin Waya Ya Dace da Falke?

Jama'a, sanin kowa ne cinikin shanu yanzu a waya yake tafiya: dillali na Maigatari, direba na hanyar Legas, mai dukiya kuwa na Damagaram. In layi ya yanke ranar kasuwa, to ciniki ya wuce.

Shawararmu ita ce kowane falke ya riƙe layi biyu a waya mai cin sim biyu, ɗaya na Nijar (+227), ɗaya na Najeriya (+234). Masu bin Mubi su ƙara na Kamaru (+237). Dalili kuwa, layin da ya tsallaka iyaka ba ya jimawa yake cinye kati, wani lokaci har amsa kira sai an biya.

Kafin mu saya, mu tambayi direbobi wane kamfani ke da sabis a dajin da muke bi. Araha ba ta ado.

Sai maganar rajista. Tun Disamba 2020 Najeriya ta wajabta haɗa layi da lambar NIN. A yi da sunan maigida, kada a yi da na yaro, don in ya tashi, da lambar da abokan ciniki suka sani zai tafi.

Allah Ya ba da kasuwa, amin.