Dattijon Amurka da Ya Zo Zariya Neman Sarewa

A shekarar 1981 wani dattijo baƙar fatan Amurka, mai shekara sittin da 'yan kai, ya kama aiki a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Sunansa Yusef Lateef. A ƙasarsu, duk mai sauraron kiɗan jaz ya san shi.

An haife shi a 1920, ya tashi a birnin Detroit, ya karɓi Musulunci tun yana matashi. Saksofon ne abin busarsa, amma bai tsaya nan ba. Ya ɗauko algaitar Indiya da kayan busa na Larabawa ya shigar da su cikin jaz, a lokacin da ba kowa ke da ƙarfin halin yin haka ba. Faifansa na 1961, Eastern Sounds, shaida ne. Daga 1962 ya yi aiki a ƙungiyar Cannonball Adderley tare da mai fiyano Joe Zawinul, wanda daga baya ya yi kiɗa da Miles Davis, kuma aka kafa ƙungiyar Weather Report da shi. A hannun irin su ne gaurayen jaz da kayan kiɗa masu lantarki ya bunƙasa. Lateef kuwa ya riga su nuna cewa jaz na karɓar baƙo.

To, me ya kawo irin wannan gwani Zariya? Sarewa. Wannan dai ta makiyaya, siririya, mai 'yan ramuka, wadda yaron Fulani ke busawa a bayan shanu, mu kuma mu wuce ko waiwaye babu. Ita ya zo ya yi wa zaman ɗalibta, yana bin masu busa yana tambayar yadda ake ƙera ta da yadda ake sarrafa numfashi a cikinta. Wannan tawali'un nasa ya fi komai taɓa mini zuciya.

A 1983 ya ɗauki faifan In Nigeria a Legas tare da makaɗan gangunan ƙasar nan. Ya koma gida a 1985. A 1987 littafin da suka rubuta da Ziky Kofoworola kan kiɗa da wasannin Hausawa ya fito. Ya rasu a watan Disamba na 2013, yana da shekara 93.