Fargabar Kiran Bidiyo a Ƙasar Arewa

Da zarar an gama girbin hatsi, samarin Dogon Dutsi, Matankari, Kore Mai Ruwa da Tibiri sai su kama hanyar cin rani: wasu Yamai, wasu Legas, Kwatano ko Abijan. A da, labarinsu sai a bakin mai dawowa. Tun da WhatsApp ya fito da kiran bidiyo a 2016, fuskar ɗan cin rani takan faɗo tsakar gida ba sallama. Sai ka ga amarya ta ruga ɗaka, ko dattijon da ke magana gaban hakimi ba gezau ya riƙe salula hannu na rawa, murya ta sarƙe.

Yara kan ce ƙauyanci ne. Ban yarda ba. Mutanen biranen Turai da Amurka ma sun koka da hakan lokacin korona, har Farfesa Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford ya yi nazari a kai a 2021. Cikin dalilan da ya kawo akwai kusancin fuska fiye da kima, da yadda mutum ke ganin kansa a allo tamkar an ɗora masa madubi yana zance. Mai kallon kansa yana lissafin haƙoransa da zaman ɗankwalinsa, hankalinsa ya rabu biyu.

A wurinmu abin ya fi nauyi, domin ya taɓa kunya. An raine mu a kan cewa ba a ƙura wa babba ido. Suruka takan durƙusa ta sunkuyar da kai, daga nesa take gaida uban mijinta. To ga na'ura ta kawo fuskarsa tazarar taƙi ɗaya da tata. Idan ta kalle shi ta yi rashin kunya, idan ta kau da kai allon ya nuna rufin ɗaki. Ina za ta sa kanta?

Ga kuma rezo, wato sabis ɗin waya. Masana harshe sun auna cewa a hira ta gaba da gaba, tazarar da ke tsakanin maganar wani da amsar ɗan'uwansa yawanci kimanin kashi 1 cikin 5 na daƙiƙa ce. A ƙauyukanmu na Dallol Mawuri, inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, amsa takan makara, sai zuciya ta raya maka cewa an yi fushi, alhali maganarka ce ba ta isa ba tukuna.

Sauƙin abin yana hannu. A jingina wayar da ƙwarya ko bango, a ja baya kaɗan. Hannu ya huta, fuska ta samu tazarar mutunci. A fuskanci haske, kada a ba shi baya. Kafin a ɗauka, a ja numfashi a sake shi a hankali, yana rage bugun zuciya. Sannan a fara da gaisuwa cikakkiya, ina kwana, ina gajiya, yaya mutan gida. Kafin a ƙare ta murya ta dawo daidai. Matashin da zai yi ganawar neman aiki da wani ofis a Yamai, ya gwada da abokinsa tun ana gobe.

Ku kuma 'yan cin rani, ku aika saƙon murya tukuna ku ce za ku kira. Wanda ya ce a rufe kyamara a yi magana, a rufe masa, kada a yi masa dariya.