Kumbon da ba shi da birki: yadda ake tsara tuƙinsa a wasan bidiyo

Duk ɗan acaɓa a Birnin Gwari ya san cewa da ya saki totur, babur zai rage gudu har ya tsaya, domin iska da ƙasa suna riƙe shi. A sararin samaniya babu mai riƙe komai. Kumbon da aka tura zai yi ta tafiya da gudunsa har sai wani ƙarfi ya taɓa shi. Wannan doka da Isaac Newton ya wallafa a 1687 ita ce tushen wasannin kumbo, tun daga Spacewar!, wanda Steve Russell da abokansa suka haɗa a jami'ar MIT ta Amurka a 1962.

Lissafin bai kai yadda ake tsoronsa ba. A kowane ɗan taƙi na lokaci, manhajar tana raba ƙarfin injin da nauyin kumbo, ta ƙara sakamakon a kan gudu, sannan ta matsar da kumbon gwargwadon gudun. Mai son tsayawa dole ya juya kumbon ya kunna injin ta ɗaya ɓangaren. Kuma yayin da mai yake ƙonewa nauyi na raguwa, don haka injin ɗaya zai fi fizgar kumbon a ƙarshen tafiya.

Inda sabon mai koyo yake faɗuwa shi ne wayoyi. Wata tana zana hoto 60 a daƙiƙa, wata tsohuwa da ta ɗau zafi da ƙyar take kai 25. Idan aka ɗaura motsin kumbo a kan zanen hoto, mai babbar waya zai ninka ɗan'uwansa gudu, wasa ya zama na masu kuɗi. Maganin shi ne a ware wa lissafin motsi agogonsa daban. Shi ya sa manhajar haɗa wasanni ta Unity take yinsa sau 50 a daƙiƙa, Godot kuma sau 60, komai jinkirin allo.

Nisa ma tarko ne. Lambobin da wasanni suka fi amfani da su ba sa riƙe fiye da alƙaluma bakwai daidai. A Kerbal Space Program, wanda Felipe Falanghe ya ƙirƙira, kamfanin Squad na Meziko ya fitar a 2011, kumbon da ya yi gudu sosai a can nesa yakan kama karkarwa har ya tarwatse. 'Yan wasa suka raɗa wa matsalar suna Kraken, wani dodon teku na almara. Dabarar da aka yi ita ce a ajiye kumbon a tsakiya, a riƙa matsar da duniyar wasan a kewayensa.

Sai batun yatsa. Kumbon da ya fara juyawa ba zai daina da kansa ba, gilashin waya kuma ba ya ba da damar saiti kamar madannai. Don haka ake rubuta ɗan mataimaki da ke kashe juyin da zarar an ɗaga yatsa.

Koyon wannan ba ya jiran intanet mai ƙarfi, abin da mutanen Birnin Gwari suka san darajarsa. A ƙarshen Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a yankin saboda 'yan bindigar da ke dajin, aka yi makonni babu sabis. Godot kyauta ce, akwai ta Android, kuma da an sauke ta tana aiki ba data. Mai farawa ya zana kusurwa uku a matsayin kumbo, ya sa maɓallin juyi da na wuta, sannan ya gwada a kan waya mafi rauni a gidansu.